Daga ɓoye yara a rumbu zuwa layin rajista: tarihin yadda muke zaɓa wa ɗiyanmu makaranta



Duk shekara idan damina ta ja jiki, aka shiga yankan hatsi, watan Oktoba ya ƙarato, magana ɗaya ce ke zagaya gidajenmu tun daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai: yaron nan ya isa shiga makaranta, ina za a kai shi? Maigida ya ce lakwal ta gwamnati, tunda ba a biyan kuɗin wata. Uwargida ta ce a'a, faranko-arab, don ya tashi da sanin addininsa. Kawunsa da ke aiki a birni ya bugo waya ya ce a daure a sa shi ta kuɗi, shi zai riƙa kawo wani abu. Kaka kuma tana gefe bisa tabarma tana cewa ita dai a bar mata jikanta ya sauke tukuna, boko ba gudu zai yi ba. Wani gidan a rabu da dariya, wani gidan sai an kwana biyu ana kumbure-kumbure.

Wannan gardama ta girmi duk masu yin ta. Ta haura shekara 100 a ƙasar nan, sai dai kowane zamani da yadda take zuwa masa. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawunta tun daga farko, ko ma samu abin da zai taimake mu a bana.

Lokacin da uba ke iya auna karatun ɗansa

Kafin zuwan Nasara, zaɓin bai da yawa amma a fili yake. Yaro ya kai shekara biyar ko shida, uba ya kama hannunsa ya kai shi wurin malam, a sassaƙa masa allo, ya fara babbaƙu, ya wuce farfaru, har ya kai ga rubuta allonsa da kansa. Ranar Laraba a ba shi abin kai wa malam, Alhamis da Juma'a a huta. In ya sauke a yi sadaka, a yanka abin da ya sawwaƙa, unguwa duka ta shaida. Wanda ke son zurfi sai ya zauna a zauren wani malamin ya ɗauki Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, ko ya ɗauki buzunsa ya yi gabas ko kudu, Borno, Kano, Katsina, Zariya, tun ba a ja iyaka tsakaninmu da su ba.

Abin lura a nan shi ne uba ya san malamin. Bayansa yake salla, ya san gonarsa, ya san halinsa. Kuma yana da ma'auni a hannu: da dare sai ya ce wa yaro, biya mini inda ka tsaya. Ko shi uban bai yi nisa ba, kunnensa ya san surar, in an yi tuntuɓe zai ji. Uwa ma ta san ko allon an wanke shi ko tun makon jiya rubutu ɗaya ne a kai. Makarantar allo tana da nata matsalolin, musamman ga yaran da aka tura nesa suka koma bara, amma wannan abu ɗaya ba a iya ƙwace mata shi: gida yana gane abin da ake yi a cikinta.

Lakwal ta shigo ta ƙofar kumandan

A 1899 sojojin Faransa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, a 1922 aka mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka, a 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Makarantun farko a bakin barikoki aka buɗe su, sojoji da tafintoci ne ke koyarwa. Nasara bai zo don ya ilmantar da kowa da kowa ba. Yana bukatar ƴan kaɗan da za su yi masa tafinta, su riƙe masa takardun haraji, su yi aikin gidan waya da na likita, su koyar da wasu ƴan kaɗan ɗin.

Yadda ake samo yaran kuwa shi ne kumandan ya aika wa sarki cewa ana son yara kaza daga ƙasarsa, sarki ya raba wa masu gari, dogarai su fita. Ta wannan ƙofa ce dai haraji ke shigowa, ta nan ake kamun aikin dole, wanda sai a 1946 aka soke shi, ta nan ake ɗaukar soja. To, mutumin ƙauye da ya ga dogari ya zo neman ɗansa, ta yaya zai ɗauka alheri ne? Har yau tsofaffinmu na ba da labarin yadda ake jefa yaro cikin rumbu a rufe, ko a tura shi daji wurin makiyaya, ko a kai wa mai gari akuya don ya tsallake gidan. Sarakuna da yawa da aka ce su kawo ƴaƴansu, sai suka aika da ɗiyan barori, da na bayi, da marayun da ba su da mai tsaya musu.

Kada mu yi saurin yi musu dariya. Yaro ne za a ɗauke daga gona a kai shi gari mai nisa, a koya masa harshen da babu mai jin sa a gidan, a wurin da ba a kiran salla, kuma ba wanda ya tambayi ra'ayin ubansa. In ya yi Hausa a cikin aji a rataya masa sambol, ƙashi ko guntun icce, ya yi ta yawo da shi a wuya har ya kama wani ya miƙa masa. Da yawa daga cikinmu ma mun tarar da sambol ɗin nan, don bai tafi tare da Nasara ba. Uban da ke iya cewa biya mini jiya, yau ga ɗansa na karanta abin da bai san kansa ba bai san gindinsa ba. Daga nan ne gida da makaranta suka fara raba hanya.

Ƴan kaɗan da suka yi fice ana tura su makarantar William Ponty a ƙasar Senegal. Can Bubu Hama ya yi karatu, ya dawo a 1929 ya zama ɗan Nijar na farko da ya fito da takardar cikakken malamin lakwal, daga baya ya shugabanci majalisar dokoki. Jori Hamani ma can ya fito, ya yi aikin mushe, har ya koyar da Hausa da Zabarmanci a birnin Paris kafin ya zama shugaban ƙasa na farko. Jibo Bakari shi ma ɗan Ponty ne, mushe ne kafin siyasa. Da mulki ya dawo hannun ƴan ƙasa, sai ga ɗan baran da aka tura lakwal don a kare ɗan sarki ya dawo da mota, shi ne ke sa hannu a takardar da sarki ke jira. Mutane suka ga abin da idonsu. Amma duk da haka, ranar da muka samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a duk Afirka.

Zamanin "ɗan gwamnati ne"

Bayan 1960 lakwal ta samu sabon suna a idon jama'a: hanyar albashi. Mai takardar gama firamare na iya samun aiki, mai BEPC ya zama babban mutum a garinsu, mai BAC kuwa sai dai a nuna shi da yatsa. Wuraren shiga kwaleji kaɗan ne, sai an ci gasa, amma wanda ya haye gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa. Akwai makarantun kwana, akwai kuɗin alawus, littafi da kaye daga gwamnati suke zuwa, kuma ita ce ke cewa wannan zai yi aikin malanta, wancan aikin likita, wancan aikin gona. Lise Amadu Kuran Daga a Damagaram, Lise Ɗan Baskore a Maraɗi, Lise Agabba a Tawa, Lise Isa Korombe a Yamai, sunaye ne da uba ke faɗi yana ɗaga kai. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. Da kuɗin yuraniyom suka shigo a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Saini Kunce, an gina azuzuwa da yawa, samariya ma ta sa hannu.

Wannan zamani ya yi mana rana, amma ya bar mana wata ɗabi'a. Uba ya saba da cewa da zarar an rubuta sunan yaro, shi ke nan, ya zama ɗan gwamnati. Ba ya zuwa makarantar sai in an kira shi, kuma in an kira shi ya san ba lafiya ba. Jiya ana ƙwace yaron da ƙarfi, yau uban ne ke miƙa shi da hannunsa, amma a duka biyun yana tsayawa ne a bakin ƙofa.

Tun a lokacin akwai waɗanda suka gane cewa wannan tazara ita ce ciwon, suka nemi maganinta.

A 1957, tun kafin ƴancin kai, aka buɗe madarasa ta farko a garin Sayi, tsohon garin malamai da ke bakin kogin Kwara, inda ake haɗa Larabci da darussan addini da Faransanci da lissafi. Dabarar ita ce a jawo iyayen da ke gudun lakwal saboda addini. Daga wannan iri ne duk makarantun faranko-arab na yau suka tsiro, har suka samu nasu kwaleji da lise, kuma a Sayi ɗin ne aka buɗe Jami'ar Musulunci a 1986.

A 1964 aka fara gwajin koyarwa ta talabijin. Ana shirya darasi a Yamai, a haska shi a cikin aji, wani matashi da aka ba ɗan horo ya tsaya ya bi da yara. Ƙasashe da dama sun zo kallon abin, yara sun iya magana da Faransanci, amma tsada ta yi yawa, bai kai ga yawancin ƙauyuka ba, daga baya aka bar shi.

Sai na ukun, wanda ya fi shafar mu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa, sannan a shigo masa da Faransanci sannu a hankali. Daga baya aka yi irinta da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Wannan tunani ba daga waje aka kawo mana shi ba. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya fitar da littafi a 1964 kan ilimi a Afirka, inda ya kare cewa yaro ya fara da harshen da ya sha a nono. Binciken da aka yi ta yi a kan waɗannan makarantu ya nuna yaransu ba sa kasa na lakwal ta yau da kullum, sau da yawa ma suna fin su, har a Faransancin. Amma shekara da shekaru suna nan da sunan gwaji, ba a yaɗa su ba. Kuma mu faɗi gaskiya, har da laifinmu: iyaye da yawa sun ce su ba Hausa suka kawo yaro ya koya ba, ai da ita ya zo. Ba a zauna an fahimtar da su cewa iya magana daban, iya karantawa daban ba, kuma wanda ya iya haɗa baƙi da harshensa ba ya shan wuyar haɗa shi da wani harshe.

Lokacin da alkawari ya karye

A farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, fari ya biyo baya a 1984, bashi ya yi yawa, masu ba da lamuni suka ce a tsuke bakin aljihu. Aka daina ɗaukar duk mai takarda aiki kai tsaye, makarantun kwana suka yi ta rufewa, alawus ya koma sai an yi zanga-zanga. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito a Yamai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Shekarun da suka biyo baya malamai na wata da watanni ba albashi, yajin aiki ba ya ƙarewa, har aka san abin da ake kira farar shekara, wato yaro ya yi shekara guda a banza, ba jarrabawa ba wucewa. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin CFA da rabi, kaye da bik suka yi tsada.

A nan ne zaɓi ya dawo hannun iyaye, ba don an shirya su ba, sai don gwamnati ta gaza riƙe abin da ta ɗauka. Mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi. A Maraɗi da sauran garuruwan kan iyaka islamiyyu suka yawaita, masu aji da benci da allon bango. Wasu suka tsallaka da yaransu Najeriya neman Turancin Ingilishi. Talaka a ƙauye kuma ya duba ɗan maƙwabcinsa mai BAC da ke zaune a gindin bishiya, ya ce gara nawa ya bi ni gona ko ya tafi ci-rani.

A 1998 aka kafa dokar da ta tsara ilimin ƙasa baki ɗaya, wadda ta amince da koyarwa da harsunan gida tare da Faransanci. A 2003 aka shiga shirin shekara goma na bunƙasa ilimi. Ta fuskar yawa an yi rawar gani: a farkon shekarun 2000 kusan yaro ɗaya cikin uku ne ke firamare, cikin shekara goma da ƴan kai adadin ya ninka. A 2010 Maraɗi, Damagaram da Tawa suka samu jami'o'insu, waɗanda yau ke ɗauke da sunayen Ɗan Dikko Ɗankulodo, Andre Salifu da Jibo Hamani. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi.

Sai dai an yi saurin ne da abin da ke hannu. Aka cika azuzuwa da malaman kwantaragi, da yawansu ba su samu horon kirki ba, albashinsu kaɗan kuma ba ya zuwa kan lokaci. Inda babu gini aka kafa ajin zana, wanda ba a iya yin sa sai an gama girbi an samu kara, kuma da ruwan farko ya sauka an tashi. Sakamakon ya fito fili a 2014, lokacin da wani awo na ƙasashe masu amfani da Faransanci, PASEC, ya nuna cewa cikin yaranmu goma da ke gama firamare, ko ɗaya bai cika kaiwa matakin da ake so a karatu ba. A awon 2019 abin ya ɗan gyaru, ya kai wajen uku cikin goma. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Sannan ga abin da ba za mu manta ba: a watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a watan Nuwamba na shekarar ta sake aukuwa a Maraɗi, wuri biyun nan yara ƙanana sama da 40 muka rasa. Allah ya jiƙansu.

Ga inda muka iso: kakanninmu sun ɓoye yara don kada a kai su lakwal, mu kuma muna bin layi tun asuba don a rubuta namu, amma yaro na iya shekara shida a aji ya fito bai iya karanta wasiƙa ba, kuma gidansu ba wanda ya sani sai ranar da sakamako ya fito.

Abin da ya faru a Tawa

Akwai wani babi na tarihin nan da ba a cika faɗi ba, alhali a wurinmu aka rubuta shi. A farkon shekarun 2000 aka kafa kwamitocin kula da makarantu, waɗanda muka fi sani da COGES. Da farko suna ne kawai, mai gari ya naɗa wanda ya ga dama. A 2004, a jahar Tawa, wani shiri da ƙasar Japan ta tallafa ya gwada wata hanya: a tara gari duka, maza da mata, a zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar asiri, a zauna a lissafa matsalolin makarantar, a ɗauki waɗanda gari zai iya da kansa, a dawo ƙarshen shekara a faɗi abin da aka tara da abin da aka kashe. Manoman da ba su taɓa riƙe alli ba suka gina azuzuwa, suka samar wa malamai masauki, suka bi gida gida neman a sa yara mata, suka shirya karatun dare. Da aka ga ya yi aiki, aka yaɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya, har wasu ƙasashen Afirka suka zo suka ɗauka.

Daga baya aka ƙara wani mataki a wasu makarantun: a yi wa yara ɗan gwaji na lissafi ko karatu, a kawo sakamakon gaban taron gari a faɗa wa kowa. Uban da ke zaton ɗansa na CM1 ya gama sanin komai sai ya ji bai iya ɗebe lamba biyu ba. Daga nan gari ke tsara awoyin ƙari bayan an tashi, a samu matasan da suka yi lakwal su zauna da yara. Wato an mayar wa uba ma'aunin da ya rasa tun zamanin kumandan.

In muka haɗa Sayi, da Damagaram, da Tawa, darasi ɗaya suke bayarwa. Duk lokacin da makaranta ta matso kusa da abin da gida ke ganewa, ko ta addini, ko ta harshe, ko ta shawara, iyaye na sakin jiki, yara na ƙaruwa.

Maganar ƴaƴa mata

A kowane zamani da muka ambata, ɗiya mace ce ke zuwa ƙarshe kuma ita ke fara fita. Yau ba a shiga CI ne ake rasa su da yawa ba, a tsakanin CM2 da kwaleji ne. Kwalejin na garin da ke da nisa, sai an nemi mai masauki, kuma uwa ba ta yarda ta bar budurwa a gidan da ba ta san irin riƙonsa ba. Tsoron nan na gaskiya ne, kada a raina shi. Amma abin da ke biyo baya shi ne talla sannan aure, a ƙasar da kusan mata uku cikin huɗu ke yin aure kafin shekara 18. A watan Disambar 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya mai karatu, an kuma fara gina makarantun kwana na ƴan mata, irin ta Kelle a yankin Gure. Ba su isa ba tukuna. Kafin su isa, dangi ne za su zauna tun yarinya na CM1 su yanke wa za ta zauna wurinsa, wa zai riƙa kai hatsi, wa zai riƙa leƙa ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, a bana me za mu yi?

Ba za mu ce wa kowa ga makarantar da zai zaɓa ba. Akwai lakwal ta gwamnati mai kyau da marar kyau, haka faranko-arab, haka ta kuɗi. Fentin ƙofa da kyan tufafin yara ba su ne karatu ba. Kafin a rubuta suna, a je makarantar ranar aiki, a gaida darakta, a leƙa ajin da yaron zai zauna. Yara nawa ne a ciki? Malamin yana kwana a garin ko sai ya zo daga nesa? Ginin ƙasa ne ko zana, kuma in zana ce, ina mafita in wani abu ya faru? In ta kuɗi ce, a tambaya ko gwamnati ta san da ita, a kuma lissafa kuɗin shekara duka har da tufafi da littattafai, don cire yaro a tsakiyar shekara saboda bashi ya fi cutar da shi a kan barinsa a ta gwamnati tun farko. In faranko-arab ce, a bincika ko akwai kwalejinta a kusa da zai ci gaba. A nemi takardar haihuwa tun yanzu, kada sai jarrabawa ta zo a shiga zarya a kotu.

Allo da lakwal kuma ba kishiyoyi ba ne. Gidaje da yawa sun daɗe suna haɗa su, allo da asuba ko da yamma da ranakun hutu, lakwal da rana. Abin kiyayewa shi ne a bar wa yaro lokacin barci da na wasa.

Bayan an zaɓa, sai babban aikin. Wanda bai yi boko ba ma yana da abin yi. Buɗe kaye ka duba: akwai jan bik na malam a ciki ko babu? Shafukan na ƙaruwa? Ka ce wa yaro ya faɗa maka da Hausa abin da aka koya musu yau, in ya iya mayar da shi Hausa to ya gane, in sai dai ya rera kamar waƙa to hadda ce kawai. Miƙa masa kwalin magani ko saƙon da ya shigo waya ya karanta maka. Yaron da ya gama CE1 bai iya haɗa baƙi ya karanta gajeren layi ba, kada a jira CM2, kuma kada a ɗauki bulala. A je wurin mushe a tambaye shi cikin mutunci me za a yi, a nemi yayansa ko ɗan maƙwabta ya riƙa zama da shi rabin awa kullum. Ɗan koko da safe, fitila mai cajin rana da dare, da sauke wa yarinya farantin talla a lokacin aji, suna yin abin da kuɗin makaranta mai tsada ba ya yi. In an kira taron iyaye a je, iyaye mata ma su je, a tambayi lissafi, a tambayi sakamako.

Wanda kuma karatun dogon zango bai karɓe shi ba, ba ƙarshensa ke nan ba. Akwai cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, akwai kwalejojin fasaha, akwai Lise Teknik Ɗan Kasawa a Maraɗi. Zamanin da takarda kaɗai ke ba da albashi ya wuce tun shekarun 1980, amma makaniki ko tela ko mai gyaran sola da ya iya karatu da lissafi ya fi wanda bai iya ba nesa ba kusa ba.

A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Yadda hakan zai sauka cikin aji, da littattafai da horon malamai, aiki ne da ke gaba. Amma ko me aka tsara a Yamai, wanda zai san ko yaron gidanmu ya iya karatu a daren yau, mu ne.

In akwai tsoho a gidanku da ya ga zamanin dogarai, ko wanda ya taɓa rataya sambol, ku zauna da shi ku ji nasa labarin, yaran ma su ji. Sannan a kira ɗan lakwal ɗin, a ce ya ɗauko kayensa.

Allah ya raya mana su, ya sa albarka a karatunsu.